Tsayuwa da Tattaki a Bakin Tebur: Nazarin Tasirinsu kan Ƙiba, da Darasi ga Ma'aikatan Gubi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin binciken da aka wallafa kan yin aikin ofis a tsaye ko ana tattaki, ta auna sakamakon da yanayin ma'aikatan Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a harabarta ta Gubi, Bauchi. An gano cewa tsayuwa kaɗai ba ta rage ƙiba ta a zo a gani, sai an haɗa da taka ƙasa.

Gabatarwa

Tun 1953 Jeremy Morris ya nuna cewa direbobin bas na Landan, masu wuni a zaune, sun fi kwandastocinsu, masu hawa da sauka a matakala, kamuwa da ciwon zuciya. Ma'aikata da dama a Gubi rayuwar direban suke yi: su zauna a mota daga cikin gari har harabar da ke kan hanyar Ningi, su zauna gaban kwamfuta, su zauna a taro, su sake zama a mota da yamma. Tambayar ita ce, shin teburin tsayuwa zai raba su da teɓa?

Abin da Bincike ya Nuna

A 2018 Farzane Saeidifard da abokan aikinta suka tattara bincike 46 da ya shafi mutum 1,184. Sun tarar cewa mai tsayuwa bai fi mai zama ƙona komai ba sai kalori 0.15 a minti. Ke nan mai nauyin kilo 65, in ya tsaya awa shida, kalori 54 kacal ya ƙara ƙonawa, kwatankwacin ƙaramin cokali uku da ɗoriya na sukari a kofin shayi. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa yana ɗauke da kalori kusan 7,700. A lissafi, sai mutum ya shafe kusan wata biyar yana wannan tsayuwa kafin kilo guda ya zube, shi ma in bai ƙara loma ba. Doguwar tsayuwa kuma tana da nata lahani, musamman kumburin jijiyoyin ƙafa da ciwon baya.

Tattaki daban ne. A 2007 James Levine na asibitin Mayo a Amurka ya ɗora masu ƙiba 15 kan injin tattaki da aka haɗa da tebur, suna tafiya a hankali suna aiki, sai ƙonawarsu ta ƙaru da kalori sama da 100 a awa. Duk da haka, da Gabriel Koepp ya bi ma'aikata 36 masu irin wannan tebur shekara guda, a 2013 ya ba da rahoton cewa matsakaicin abin da suka zubar kilo 1.4 ne. Amfanin ya fi fitowa a jini: binciken David Dunstan na 2012 ya nuna cewa tattakin minti biyu bayan kowane minti 20 na zama yana rage hauhawar sukari bayan cin abinci.

Tattaunawa

A ganin mai wannan nazari, sayo injin daga waje ba shi ne mafita a Gubi ba. Yana da tsada, yana cin lantarki, riba kuma kaɗan. Abin da harabar take da shi kyauta shi ne fili. Kai takarda wani sashe da ƙafa maimakon aiken masinja, zuwa masallaci Azahar da La'asar ba a mota ba, tattaunawa da ɗalibi ana zagaya gini: waɗannan za su kusantar da ma'aikaci ga minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020. Babban cikas shi ne ranar Maris da Afrilu, wadda ba mai son ratsawa da tsaka. Don haka muna kira ga hukumar jami'a ta dasa itatuwan inuwa a hanyoyin da ke haɗa tsangayoyi, masanan lafiyarta kuma su auna sa'o'in zaman ma'aikatan Gubi da ma'aunin taku.