Ƙudan da ke kashe dawa tun tana tsiro

Manomi kan shiga gonarsa makonni kaɗan bayan shuka ya tarar da ganyen tsakiyar dawarsa ya bushe, alhali sauran ganyayen na nan kore shar. Sau da yawa wannan aikin wani ɗan ƙaramin ƙuda ne da masana ke kira Atherigona soccata, sunan da masanin ƙwari ɗan Italiya, Camillo Rondani, ya raɗa masa a 1871.

Ƙudan ya yi kama da na gida, sai dai bai kai shi girma ba. Macen takan saka fararen ƙwayaye ɗai-ɗai a ƙarƙashin ganyen dawar da ke tsakanin mako ɗaya zuwa huɗu da fitowa. Cikin kwana biyu ko uku sai tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta gangara cikin karan, ta datse wurin da sabon toho ke fitowa, sannan ta riƙa cin abin da ya ruɓe. Shi ya sa idan aka ja busasshen ganyen yakan zaro cikin sauƙi, gindinsa na wari. Daga ƙwai zuwa cikakken ƙuda kimanin mako uku ne.

Ana samun sa a yawancin ƙasashen Afirka da ke noman dawa, da Gabas ta Tsakiya, da kudancin Turai, da Indiya har zuwa Tailan, amma bai isa nahiyar Amurka ko Ostireliya ba. Idan babu dawa a gona, yakan fake a gyauro da ciyayin daji dangin dawa.

Dawar da ya kama takan fitar da 'ya'ya daga gindi, amma zangarniyarsu kan kasance ƙanana, kuma ba sa nuna lokaci guda.

Babbar kariya ita ce lokacin shuka. Da yake ƙudan na yawaita ne yayin da damina ke nisa, wanda ya makara shi ke kwasar hayayyafar gonakin maƙwabta. Don haka masana ke ba da shawarar a yi shuka da wuri kuma a tare, a ƙara yawan iri, a tuge tsiron da ya kamu a binne. Cibiyar ICRISAT, mai hedikwata a Indiya da rassa a Kano da Yamai, ta daɗe tana aikin samar da irin dawa mai jure masa.