Daga kunama zuwa madubi: sassan bindiga a tarihin Kurfai da matsalar sa musu suna

1. Gabatarwa

Mai shiga gasar harbi a yau yana zaɓen bindigarsa sashe sashe: bututu, gindi, kunama, da abin da ido ke bi wajen auna bara. Idan muka so fassara wannan zaɓe da Hausa, sassa uku na farko ba su ba mu wahala, amma na huɗu yana tsayar da mu. A ganinmu wannan giɓi ba rashin wadatar harshe ba ne, tarihi ne ya bar shi. Za mu duba batun ta ƙasar Kurfai, wato Filinge da Abala, cikin kwarin Dallol Boso.

2. Kalmomin da suka zo da ayari

Tsofaffin kalmomin wannan fage na aro ne daga Larabci. Bindiga ta fito daga bunduƙiyya, harsashi daga rasas, wato darma, albarushi kuma daga al-barud. Maƙwabtan Kurfayawa, Zabarmawa, suna cewa malfa, wadda ita ma ake danganta ta da Larabci. Tarihi ya goyi bayan harshe: Ibn Fartuwa ya ambaci ƴan bindigar Mai Idris Aloma na Borno a ƙarshen ƙarni na 16, kuma Tarihin Kano ya kawo shigowar bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743). A Damagaram, Sarki Tanimun (1851-1884) ya tara bindigogi har ya sa aka ƙera igwa a Zinder.

Da makamin ya zauna a hannu, sai Bahaushe ya raɗa wa sassansa suna daga abin da ya sani. Inda wuta ke fita ya zama baki, abin da ake dafawa a kafaɗa ya zama gindi, ƙarfen da yatsa ke ja ya zama kunama, saboda lanƙwasarsa da harbinsa. Ita kanta bindigar ɗuri an kira ta adaka, don sai an daka albarushi a cikinta, ko harba-ka-ruga, don mai ita ba ya da damar harbi na biyu nan take. Ya kamata a lura cewa duk waɗannan sunaye na hannu ne da kunne. Bututun irin wannan bindiga sumul yake daga ciki, harsashi ba ya juyawa, saboda haka ba ta da tabbas daga nesa. Gwanintar auna bara ta tsaya wajen masu baka da kibiya. Shi ya sa aikatau harba ya haɗa kibiya, kunama da bindiga ba tare da bambanci ba.

3. Lokacin da ido ya shiga aikin

Bindigar da ke da ma'aunin nisa ta iso yankin ne a hannun sojojin Faransa. Samfurin Gras na 1874 da na Lebel na 1886 suna da tsagi a cikin bututu, wanda ke murza harsashi, da kuma sassa biyu na auna bara da Faransawa ke kira hausse da guidon. A kan Lebel an rubuta nisa har mita 2000. Amma Yarjejeniyar Burusel ta 1890 ta riga ta taƙaita sayar wa ƴan Afirka irin waɗannan makamai tsakanin layi na 20 arewa da na 22 kudu, kuma Kurfai tana cikin wannan tsakani.

Sakamakon ya bayyana a fagen fama. Mayaƙi Gado Namalaya ya ƙulla ƙawance da Faransawa a farkon ƙarni na 20, sarautar Kurfai ta tabbata a gidansa. A watan Afrilu na 1916 mayaƙan Firhun, shugaban Buzaye Iwillimmidan, suka afka wa Filinge amma ba su ci ta ba. A watan Mayu aka karya su a Anderambukan. Darasin da ya shafe mu shi ne: sabon makamin ya zauna a bariki, sunayen sassansa kuma suka zauna cikin Faransancin horon soja. Abin da ya fito kasuwa kaɗan ne, kamar kartushi. A Nijeriya, inda horon yake da Ingilishi, an samu saiti da aikatau saita.

4. Gasar harbi da aikin fassara

Harbi yana cikin wasannin Olamfik tun 1896. A gasar bindiga ta Olamfik ba a yarda da madubi mai kusanto da abu ba. Ana leƙawa ne ta ƴar ƙaramar kafa a daidaita ta da zobe na gaba. A wasu gasannin nesa kuwa ana ɗora madubi, kuma tun 1995 layin ƙarfe na Picatinny ya zama ma'auni sananne na ɗora shi. Ke nan abubuwa uku ne daban, kuma kalma ɗaya, saiti, ba ta isa ta raba su.

Muna ba da shawarar a bi hanyar da ta haifi kunama: ma'aunin baya da ma'aunin gaba don hausse da guidon, madubin bara don lunette, mazaunin madubi don abin da ke riƙe shi. Madubin hangen nesa ya riga ya kama wani kayan aiki, bai kamata a ƙara masa kaya ba.

5. Kammalawa

Tun watan Maris na 2017, da aka sa dokar ta-ɓaci a Abala da wasu sassan jihar Tillaberi, mutanen yankin suka riƙa jin sunayen makamai cikin sanarwa da labaran rediyo. Mai fassara a kotu ko a gidan rediyo yana bukatar kalmar da za ta bambanta adakar maharbi da makamin yaƙi mai madubi, domin hukuncin mutum yana iya rataya a kan wannan bambanci. Aikin da ya rage shi ne a zauna da maharba da maƙera na Kurfai a tattara kalmominsu, kafin a tsayar da waɗanda muka kawo a nan.