Dogon da Bai Jira Girgizar Ƙasa Ba

Mu mutanen Jahun ba mu taɓa samun tashar jirgin ƙasa ba. Layin dogo ya bi ta arewacin Kogin Haɗeja, ya ratsa Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya tsaya a Nguru. Kakanninmu sai sun haye kogi kafin su kai gyaɗarsu bakin dogo. Duk da haka layin namu ne, domin gumin manomanmu na cikin abin da ya cika taragunsa.

Dogo ya iso Kano a 1911, reshen Nguru kuma aka kammala shi a 1930. Turawa sun shimfiɗa shi ne don kwaso gyaɗa da ƙiraga da ƙaro zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Ko garin Haɗeja bai shiga ba, sai ya ajiye tasha a Malam Madori, garin da ya bunƙasa da ciniki albarkacin jirgi. Muddin dalar gyaɗa na tsaye a Kano, akwai mai asara idan jirgi ya yi latti, saboda haka akwai leburorin da ke bin layi a ƙafa suna duba ƙusoshi, suna yashe kwalbati kafin damina.

Sai farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975. Kuɗin man fetur ya karkatar da hankalin gwamnati, manyan motoci suka kwashe kaya. Jirgin Nguru ya koma baƙon da ba a san ranar zuwansa ba. Babu girgizar ƙasa, babu igiyar teku. Dalilin gyara ne ya ƙare.

Abin ya fi fitowa fili idan muka dubi ƙasashen da bala'i ya tumɓuke musu dogo a yini guda. Ranar 26 ga Disamba 2004, girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku kusa da Sumatra ta tayar da igiyar tsunami. A ƙauyen Peraliya na ƙasar Sri Lanka, igiyar ta kifar da jirgin fasinja da ya taso daga Kolombo, mutane fiye da 1,000 suka rasu. Cikin kusan wata biyu aka gyara layin, jirgi ya ci gaba da bi.

A Japan kuwa, ranar 11 ga Maris 2011, na'urorin da ke jin motsin ƙasa suka tsayar da jiragen Shinkansen masu tsananin gudu, babu fasinjansu ko ɗaya da ya mutu. Ranar 29 ga Afrilu layin Tohoku ya dawo gaba ɗayansa. Ƙaramin kamfanin Sanriku, wanda teku ta kwashe wa gadoji da tashoshi, ya sake tayar da jirgi a ɓangaren da ya tsira bayan kwana biyar kacal, yana ɗaukar mutane kyauta, kuma a 2014 ya kammala gyara. Amma ko a can ba kowane layi aka ceto ba. Wani sashe na layin Kesennuma, da yake fasinjojinsa sun yi ƙaranci, an mai da shi hanyar motocin bas. Ashe ba girman ɓarna ke yanke hukunci ba, buƙatar jama'a ce.

Namu bala'in ruwan daɗi ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Mun ga ambaliyar 2001, mun ga ta 2020 da ta 2022, lokacin da tituna suka yanke, kwalekwale ya zama motar haya. A irin waɗannan ranaku ne layi mai lafiya zai iya kawo hatsi da magani.

Dogon da aka yi wa sakaci ba ya tsayawa a rashin amfani. A ƙarshen Mayu 2025, a Mokwa ta Jihar Neja, rahotanni sun nuna ruwa ya taru a bayan tudun da layin dogo ke kai, har tudun ya ɓalle. Ruwan ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, mutane fiye da 150 suka rasa rayukansu. Tudun dogo a cikin fadama, idan magudanarsa ta toshe, madatsa ce da babu mai gadinta.

Yanzu ana shimfiɗa sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse, aikin da aka ƙaddamar a 2021. Mu da ke aikin kwamfuta mun san ranar ƙaddamar da manhaja ita ce mafi sauƙi, wahalar tana shekarun kula da ita. Don haka tambayarmu ga wakilanmu ba ta gudun jirgin ba ce. Me zai ɗauka wanda zai sa a ji zafin tsayuwarsa? Kuma wa za a biya ya yashe kwalbatocinsa kafin ruwan Agusta?