2 147 483 647: lambar da ba ta rabuwa, kuma iyakar ƙirgen tsofaffin na'urori

Lamba marar rabuwa, wadda ɗaliban CEG suka sani da « nombre premier », ita ce wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta. Mai goro 31 a babbar kasuwar Maraɗi ba zai iya kasa shi kashi-kashi daidai ba, sai dai ya bar shi tuli guda ko ya jera ɗaya-ɗaya. Haka 2 147 483 647 take, duk da ta haura miliyar biyu.

Ana samun ta idan aka jera 2 sau 31, aka ninka su da juna, sannan aka cire 1. Masu irin wannan siffa ana kiran su lambobin Mersenne, da sunan wani limamin Kirista Bafaranshe, Marin Mersenne (1588-1648). Siffar kaɗai ba ta isa ba: idan aka jera 2 sau 11 aka cire 1, za a samu 2 047, wadda take 23 sau 89. Tamu ita ce ta takwas a cikin marasa rabuwa na wannan dangi, bayan 3, 7, 31, 127, 8 191, 131 071 da 524 287. Kuma da yake 31 ɗin ita ma ta Mersenne ce, sai ta shiga wani ƙaramin rukuni na masu siffar ninki biyu, wanda guda huɗu kacal aka sani a cikinsa.

Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwis, shi ya tabbatar da rashin rabuwarta a 1772, lokacin da idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Kusan shekara ɗari ba a san wadda ta fi ta girma ba. Yau kam an yi mata nisa: wadda Luke Durant ya gano a Amurka a watan Oktoba 2024 tana da alƙaluma 41 024 320.

Abin da ya sa ta shafi mutumin da bai damu da lissafi ba shi ne kwamfuta. Na'urar da ke ajiye lamba a gurbi 32, ta ware ɗaya don nuna ƙari ko ragi, ba ta iya wuce 2 147 483 647. Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori suna ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970. Ƙirgen zai cika ranar Talata 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijar. Daƙiƙa guda bayan nan, na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka ta koma Disamba 1901.

Yawancin sababbin wayoyi da kwamfutoci sun koma gurbi 64, babu ruwansu da wannan. Abin dubawa shi ne tsofaffin injunan ofisoshi da masana'antu, irin waɗanda ake shigo da su na hannu kuma ake mora har sai sun mutu.