Laimar da ke sauko da jirgi ɗungurungum

Wanda ya taɓa lura da ungulu tana shawagi a saman mahautar Birnin Konni da tsakar rana, fikafikai a shimfiɗe ba ta kaɗa su, ya ga yadda jirgin sama marar inji ke tafiya. Iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa ita ke ɗaga shi. Afirka ta Yamma ma ta san irinsa: a 1962 matuƙiyar nan ta Jamus, Hanna Reitsch, ta zo Ghana bisa gayyatar Kwame Nkrumah, ta kafa makarantar koyon tuƙinsa a Afienya.

Haɗarin irin wannan jirgi yana cikin dabarar tashinsa. Matuƙa kan taru a wuri guda mai iskar ɗagawa, suna kewayawa kusa da juna, wani lokaci a yi karo. Kowannensu yana goye da laimar sauka, amma sai ya cire murfin gilashi, ya kwance bel, ya yunƙuro daga kujerar da yake kishingiɗe a ciki, jirgin kuwa yana juyi da shi. In ƙasa ta yi kusa, lokaci ba zai isa ba.

Tunanin a ɗaura wa jirgin kansa laima tsoho ne. A 1929 wani matuƙi, Roscoe Turner, ya sauko da jirgi sukutum da laima a Kalifoniya, amma aka ɗauke shi wasan burgewa. Sai a 1975 wani matashi, Boris Popov, ya faɗo daga kusan mita 120 cikin wani tafki a Minnesota, bayan fiffiken yadin da yake rataye a jikinsa ya karye. Ya sha da ƙyar. A 1980 ya kafa kamfanin BRS, kuma hikimarsa ita ce ƙaramar roka da ke fizgo laimar waje cikin ƙiftawar ido, ba sai an jira iska ta jawo ta ba. Alan Klapmeier, wanda shi ma ya tsira daga karon jirage a 1985, ya sa kamfaninsa na ƙera jirage, Cirrus, ya maƙala ta a kowane jirgin SR20 tun daga 1998. Jamus kuwa ta wajabta ta ga ƙananan jirage marasa nauyi.

Abin mamaki, jirage marasa inji ne suka fi jan ƙafa, duk da dogon binciken da wani masani, Wolf Röger, ya yi a kan laimarsu a Aachen ta Jamus. Jikin jirgin siriri ne, kuma gurbin da ke bayan matuƙi shi ne inda masu saye suka fi son a sa ƙaramin injin komawa gida. Dogayen fikafikai, da ruwan da ake ɗurawa a cikinsu don ƙarin gudu, suna buƙatar babbar laima. Da zarar an ja igiya, matuƙi ba shi da sauran ta cewa: iska ce ke zaɓar inda za a faɗa, ko kan bishiya ko kan wayar lantarki, kuma dirar tana iya taɓa ƙashin baya. Ga kuɗin sake naɗe laima da sauya roka, ga rokar da ba ta tashi ba, wadda ke iya raunata masu kai agaji.

A ganina rowar gurbi da kuɗi sun fi matsalar fasaha ƙarfi a nan. Kamfanin DG na Jamus ya bi wata hanya: jakar iska a ƙarƙashin matuƙi, mai suna NOAH, wadda ke kumbura ta turo shi sama don ya samu ya fice da laimar bayansa.