Ƙara wa Tsohuwar Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu Ƙarfi a Iyakar Jibiya: Nazari a Kan Zafi, Ƙura da Tsadar Fetur

Gabatarwa

Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar kimanin kilomita 90 ce, kuma ƙofar Magama ta Jibiya ita ce ke tsakiya, tana kallon Ɗan Isa ta ɓangaren Nijar. Babbar hanyar kwalta ce, amma ba duk harkar yankin ke bin kwalta ba. Hatsi da dabbobi da 'yan kasuwar da ke cin kasuwar Jibiya ranar Lahadi daga ƙauyuka suke fitowa, ta hanyoyin rairayi da fadamu da mashigan rafi. A irin waɗannan hanyoyi ne tsohuwar akori-kura ko jif mai jan ƙafa huɗu take nuna amfaninta, a nan ne kuma mai ita yake fara ƙorafin cewa mota ba ta ja.

Wannan nazari ya duba hanyoyin da ake bi don ƙara wa irin waɗannan motoci masu shan fetur ƙarfi, ya auna su da yanayin wurin da tattalin arzikinsa. Matsayinsa shi ne: a Jibiya, abin da tsohon inji ya fi buƙata shi ne a maido masa ƙarfinsa na asali da zafi da ƙura da gurɓataccen mai suka cinye. Ƙari a kan abin da kamfani ya ƙera shi ne mataki na ƙarshe, kuma ga mafi yawan masu mota bai cancanci kuɗinsa ba.

Motocin da injinansu

Motocin da ake magana a kansu yawancinsu 'yan Japan ne. Toyota ta fito da Land Cruiser samfurin 70 a 1984, samfurin 80 kuma a 1990. Na farko-farko suna ɗauke da injin 3F mai lita 4.0 da kafireta. Daga baya aka kawo 1FZ mai lita 4.5 da silinda shida a jere, wani da kafireta, wani da nozul, kuma mai nozul ɗin yana ba da ƙarfin doki kusan 212. Hilux ta zo da 22R mai lita 2.4, sannan 3RZ da 2TR masu lita 2.7. Nissan Patrol tana da TB42 da TB45, Mitsubishi Pajero kuma tana da 6G72 mai lita 3.0.

Abu ɗaya ya haɗa su: ba don tsere aka ƙera su ba. An yi su ne su ba da ƙarfin ja tun inji yana juyi kaɗan, su kuma haƙura da fetur mai rauni. Matsin da fistin ke yi wa iska a 1FZ mai nozul 9 ne bisa 1, a 3F kuma bai kai haka ba. Wannan sassauci shi ne sirrin daɗewarsu, kuma shi ne abin da gyaran ƙarin ƙarfi yake fara cinyewa.

Da yawa daga cikinsu ta Kwatano suka shigo, suka ratso Nijar kafin su iso Arewa. Gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, abin da ya ƙara tsadar canza mota, ya kuma sa mai tsohuwa ya ƙara riƙe tasa. Motar da ta shekara 25 ko 30 tana aiki ba za a auna ta da lambobin da ke littafinta ba.

Inda ƙarfi yake zurarewa

Injin fetur yana buƙatar kimanin awo 14.7 na iska ga kowane awo ɗaya na mai. Iyakar iskar da ya shaƙa ita ce iyakar ƙarfinsa. Idan zafi ya tashi daga digiri 20 zuwa 42, kamar yadda yake yi a watan Afrilu a wannan yanki, nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 7 cikin ɗari. Tudun ƙasar, wanda ya ɗara gaɓar teku da mita ɗari huɗu ko fiye, yana ƙara rage kusan kashi 4. Direba bai isa ya canza wannan ba. Abin da ke hannunsa shi ne kada ya ƙara wa injin wata asarar a kai.

Asara ta farko ƙura ce. Ƙurar hunturu da ta hanyar burji tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai kaifi. In ta tsallake matacin iska, sai ta gauraya da baƙin mai, ta riƙa goge ringi da bangon silinda a hankali har matsi ya zube. Daga nan mota ta fara hayaƙi da shan baƙin mai. Saboda haka matacin nan mai siffar mazurari da ake ɗaurawa don a ji gurnanin inji cuta ne a wannan ƙasa: yana barin ƙura ta wuce, yana kuma zuƙar iska mai zafi daga cikin bonet. Haka busa matacin takarda da iskar kwamfireso mai ƙarfi yakan huda shi ta inda ido ba ya gani. Abin da ya dace shi ne matacin asali mai kyau, da bututun shaƙa da aka ɗaga zuwa saman rufi, wanda ke da kofin ware ƙura a bakinsa.

Asara ta biyu zafi ne. Al'ada ce a garejojinmu a cire tamostat da sunan ba a yi shi don ƙasar zafi ba. Wannan kuskure ne. Aikinsa shi ne ya kai inji zafin da ya dace da sauri, ya kuma tsayar da shi a wurin. In babu shi, mota mai nozul takan ɗauka har yanzu inji da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara mai. A wasu injina kuma rashinsa yana barin ruwa ya kewaye ba tare da ya bi ta lagireto ba. Ruwan rijiya da ake ɗurawa yana barin tsatsa da ƙanzo, su toshe ƙananan bututu. Murfin lagireto mai lafiya yana ɗaga matakin tafasar ruwa zuwa kusan digiri 120. Murfin da ya mutu kuwa, ɗan abin da bai kai kuɗin lita biyar na mai ba, yana iya jawo ƙonewar gasket.

Asara ta uku daga mai take. Tun Nuwamban 2019 da aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Jibiya suka daɗe suna dogaro da 'yan bumburutu, kamar yadda na tsallake suka saba da 'yan ruwa-ruwa. Man da ya kwana a jarka a rana yana rasa sassansa masu saurin kamawa, yana ɗaukar ruwa da datti, wani lokaci ma a gauraya shi. Ko man gidan mai bai tsira ba: a Fabrairun 2022 an shigo Najeriya da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, ya lalata motoci da dama. Mai mai rauni yana fashewa kafin lokacinsa, wato ƙarar nan kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani da direba ke ji in ya taka a kan tudu. Wannan ƙara fistin take ci.

Auna gyare-gyaren

Matakin farko shi ne awo. A gwada matsin kowace silinda. In bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kimanin kashi 10 cikin ɗari, ko duk sun faɗi, to babu kayan ƙari da zai yi amfani sai an gyara ringi da bawul. Daga nan a duba fulogi da wayoyinsu, a saita lokacin wuta, a wanke kafireta ko nozul, a sa matacin mai mai raba ruwa kafin famfo. Tsohon inji mai kwantak yana amfana ƙwarai in aka mayar da wutarsa ta lantarki, domin ba ta gocewa daga saiti. Wannan rukuni shi ne mafi arha, kuma shi ne ya fi dawo da ƙarfi.

Mataki na biyu ya shafi taya da giya. Manyan tayoyi suna ƙawata mota, amma ƙarfi suke ci. Wanda ya tashi daga taya mai inci 31 zuwa mai 33 ya rage ƙarfin da ke isa ƙasa da kusan kashi 6 cikin ɗari, sai fa in ya canza haƙoran aksul su dace. A rairayi kuwa, rage iskar taya da sa agziliri tun kafin mota ta kafe sun fi kowane gyaran inji. Ƙaramar giyar agziliri a yawancin waɗannan motoci tana ninka ƙarfin ja sau biyu ko biyu da rabi, abin da turbo ba zai ba tsohon inji ba ba tare da cutar da shi ba. Abin takaici, akwai motoci da yawa da aka cire musu sandar da ke juya ƙafafun gaba don tsimin mai, sannan ake neman yadda za a ƙara musu ƙarfi.

Mataki na uku salansa ne. Wanda ya toshe ko ya lotse yana shaƙe inji, gyara shi wajibi ne. Amma faɗaɗa bututu fiye da kima yana rage ja a ƙaramin juyi, inda mai kaya ya fi buƙata. Ƙara takan yi yawa, direba ya ji kamar mota ta ƙara gudu, alhali a kan tudu ta ragu.

Mataki na huɗu shi ne sauya inji gaba ɗaya, yawanci da injin hannu, ɗan Beljiyam, daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Sa 3RZ a gurbin 22R yana ɗaga ƙarfin doki daga kusan 100 zuwa kusan 150, kuma nozul ya fi kafireta iya daidaita mai. Sai dai yana zuwa da sharuɗɗa. Famfon mansa yana aiki da matsi mai yawa, ba ya jure datti ko tanki da ya kusa ƙarewa. Wayoyi da ƙwaƙwalwar injin dole su zo cikakku, a kuma samu mai wayarin da ya san aikin. Kafireta ana iya kwance ta a gindin bishiya a Daddara ko Gurbin Ɓaure a mayar. Ƙwaƙwalwar da ta ƙone sai an je birni. Ga kuma takardu: lambar inji tana cikin takardun mota, kuma wanda ke tsallaka Magama da lambar da ta saɓa ya jawo wa kansa tsaiko a hannun kwastan ko 'yan duwan.

Na ƙarshe turbo ne. Bidiyon da matasa ke gani na Patrol tana hawan tudun rairayi a Daular Larabawa gaskiya ne. Akwai waɗanda aka kai ƙarfin doki sama da dubu. Amma can ana samun fetur mai lamba 98, wanda ya fi jure matsi, a famfo, an canza fistin da duk cikin injin, motar kuma ba buhu take ɗauka ba. Ma'aunin fetur ɗin Najeriya 91 ne, in ma ya cika. Turbo yana ƙara matsi da zafi, wato abubuwa biyun da mai mai rauni ba ya jurewa. Ɗaura shi a kan tsohon inji da man jarka hanya ce ta narka fistin.

Lissafin kuɗi da na rai

Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita tana ƙasa da naira 200 a farashin hukuma. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A ɗauki misalin zuwa Maraɗi daga Katsina da dawowa, kilomita 180. Motar da ke shan lita 20 a kilomita 100 za ta ƙone lita 36. In gyara ya sauko da ita zuwa 16, lita 29 za ta sha. Wannan lita 7 a da ba ta kai naira 1,500 ba, a farashin naira dubu kuwa 7,000 ce a kowace tafiya. Ga kuma ciniki da ya sha tsayawa: an rufe iyakar Jibiya daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa farkon 2024. Mai motar da samunsa ke yankewa haka ba shi da rarar da zai zuba a gyaran da ke ƙara shan mai.

Gudu ma da farashinsa. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne ninki a kan ninki: daga kilomita 80 a awa zuwa 110 tana kusan ruɓanyawa, musamman ga mota mai faɗin goshi da kaya a rufi. Daga 100 zuwa 120, aikin da birki zai yi kafin ya tsayar da mota yana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari. Jif doguwa ce, saurin kifewa gare ta. Duk wanda ya ƙara wa inji ƙarfi bai taɓa birki da sufirin da shokzoba ba, ya sayi haɗari da kuɗinsa.

Akwai kuma tsaro. A 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure saboda 'yan bindiga. A yankin da lalacewar mota da yamma za ta iya zama sanadin rasa rai ko dukiya, darajar inji tana cikin tabbacin zai tashi ya kai mutane gida.

Kammalawa

Nazarin ya nuna jerin da ya kamata a bi: awon matsi da gyaran cikin inji, sannan tace iska da mai, sannan sanyaya, sannan wuta, sannan taya da giya da birki. Sauya inji yana da hujja idan na asali ya gama yayi kuma akwai ƙwararren da zai haɗa shi da takardun da za su raka shi. Turbo ba shi da gurbi a motar neman abinci a wannan iyaka.

Kira ga ƙungiyoyin makanikai da na direbobi a Jibiya da Katsina da Maraɗi shi ne su haɗa hannu su mallaki na'urar awon matsi da ta binciken ƙwaƙwalwar mota, su koya wa yaran gareji aiki da su, su daina cire tamostat. Mai mota kuma, kafin ya biya kuɗin kowane ƙari, ya nemi a auna masa injinsa a gabansa, ya kuma riƙa rubuta litar da ya sha da kilomitar da ya yi. Gyaran da bai rage shan mai ba, bai kuma rage kwanan mota a gareji ba, ba ci gaba ba ne.