Ƙwallon Kwando: Yaya Alƙaluman Kakar Wasa Ke Hasashen Zagayen Fitar da Gwani a NBA?

Gasar NBA ta Amurka ta ƙunshi ƙungiyoyi 30, 15 a yankin Gabas, 15 a yankin Yamma. Kowace ƙungiya tana buga wasa 82 a kakar wasa, sannan takwas daga kowane yanki su shiga zagayen fitar da gwani, inda ta ɗaya ke karawa da ta takwas, ta biyu da ta bakwai, haka har ƙasa. Tun daga 2003 kowace karawa jerin wasanni bakwai ce, wadda ta fara cin huɗu ita ke wucewa. Tambayar da masu sharhi da masu horarwa ke yi kowace shekara ita ce: alƙaluman da aka tara cikin wasanni 82 suna nuna wanda zai yi nasara, ko kuwa sabon lissafi ake buɗewa?

Abin da tarihi ya nuna

A mafi yawan lokuta alƙaluman ba sa ƙarya. Daga 1984, lokacin da aka koma tsarin ƙungiyoyi 16, zuwa 2025, sau shida kacal ta takwas ta fitar da ta ɗaya: Denver a 1994, New York a 1999, Golden State a 2007, Memphis a 2011, Philadelphia a 2012 da Miami a 2023. Chicago Bulls ta ci wasa 72 a kakar 1995/96 ta kuma ɗauki kofi. Boston ta ci 64 a 2023/24, Oklahoma City ta ci 68 a 2024/25, dukansu biyu suka lashe gasar.

Tsarin wasanni bakwai na daga cikin dalilan haka, domin yana rage tasirin sa'a. Ƙungiyar da damarta ta cin wasa guda ta kai kashi 60 cikin ɗari, damarta ta cin jerin bakwai tana kaiwa kusan kashi 71. Ga kuma ribar gida: wadda ta fi yawan nasarori ita ke karɓar baƙuncin wasa huɗu daga cikin bakwai, har da na ƙarshe.

Alƙaluman da suka fi amfani

Masana sun fi dogara da ratar maki fiye da yawan nasarori, saboda wasan da aka ci da maki ɗaya ko biyu sa'a na da hannu a ciki. Ana auna makin da ƙungiya ke ci da wanda ake cinta a cikin kowane hari 100, don kada saurin wasa ya ruɗi mai lissafi. A littafinsa Basketball on Paper na 2004, Dean Oliver ya ware abubuwa huɗu da ke kawo nasara: iya jefa ƙwallo a kwando, rage zubar da ƙwallo ga abokan hamayya, kame ƙwallon da ya dawo daga kwando, da cin moriyar jifar da ake bayarwa idan an yi wa ɗan wasa laifi. Na farkon ne ya ba nauyi mafi girma.

Sakamakon haɗuwar ƙungiyoyi biyu a kakar wasa kuwa ba abin dogaro ba ne sosai, domin wasa biyu zuwa huɗu ne kawai. Brooklyn ta doke Miami sau huɗu a kakar 2013/14, amma da suka haɗu a zagayen fitar da gwani Miami ta fitar da ita da ci 4-1.

Inda lissafi ke ɓaci

Abu na farko shi ne rauni. Derrick Rose ya ji ciwo a gwiwa a wasan farko na 2012, Chicago ta faɗi a hannun Philadelphia. Giannis Antetokounmpo ya ji rauni a baya a 2023, Milwaukee ta fita. Na biyu shi ne dabarar koci. A 2007 Dallas ta ci wasa 67, amma Don Nelson, tsohon kocinta da ya koma Golden State, ya san lagonta, aka fitar da ita da 4-2. Na uku, a wannan zagaye ana rage 'yan canji, fitattun 'yan wasa su ƙara mintuna, don haka ƙarfin benci da ya tara nasarori a kaka yakan rage tasiri.

Sauya 'yan wasa a tsakiyar kaka ma yana ɓata alƙaluma. Houston Rockets ta ci wasa 47 kacal a 1994/95, ta zo ta shida a Yamma, amma ta ɗauko Clyde Drexler a watan Fabrairu. Ƙarƙashin jagorancin Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ta fitar da Utah, Phoenix da San Antonio, ta doke Orlando 4-0 a ƙarshe. Golden State kuwa ta kafa tarihin cin wasa 73 a 2015/16, tana kan gaba da 3-1 a zagayen ƙarshe, Cleveland ta farke ta ɗauki kofin.

Saboda haka alƙaluman kaka sun fi ƙarfi a zagayen farko, inda tazara ke da faɗi. Idan aka kai ga ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe, ƙarfi yakan zo kusa da juna, sai lafiyar 'yan wasa da salon da kowace ƙungiya ke iya jurewa su raba gardama.